Idon Auta na Dama

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Mun dawo daga asibitin ido. Tun bakwai na safe muke can. Idon Auta ne na dama. Yau kwana goma sha biyu yana ja yana zubar da ruwa, tana ta ɗiga maganin kemis tana cewa zai wuce. Bai wuce ba. Yanzu ko hasken taga ba ta iya kallo.

Na faɗa mata tun ranar da ta shigo da abin nan gidan. Tun tana aji huɗu take sa tabarau, bai taɓa cizon ta ba. Sai da ta samu aiki a ofishin masu zanen gini ta ce yana zame mata idan ta sunkuya, ta sayo waɗannan 'yan gilasai masu kama da ɓawon kifi da ake mannawa a ƙwayar ido. Na ce ido ba ma'ajiya ba ce. Ta yi dariya. Shekara ashirin da shida, wa zai yi mata magana.

Likitar mace ce, ba za ta ba Auta shekara biyar ba. Ta sa ta ɗora haɓa a kan wani ƙarfe, ta haska idon, ta daɗe tana kallo. Ta ce gyambo ne a kan baƙin idon. Sai ta shiga jero tambayoyi tana rubutawa.

"Kina kwana da gilasan?"

"A'a."

"Kina wanka da su? Iyo fa?"

"A'a, Likita."

"Ruwan famfo ya taɓa taɓa su, ko 'yar battar da kike ajiye su a ciki?"

"Ko sau ɗaya. Ruwan maganinsu kaɗai nake sa musu."

"Kin tabbata?"

"Ki tambayi Umma. Ita ke cewa na fi kula da su a kan iyayena."

Likita ta yi murmushi, ta dube ni. Na ce yarinyar nan dai ba ta jin magana. Abin da na ce ke nan.

Ta ɗiga mata maganin kashe zafi, ta kankaro wani ɗan abu daga bakin gyambon da 'yar siririyar aska. Bai kai kan allura ba. Rabi za a rena shi a faranti a ga abin da zai tsiro, wannan yana ɗaukar lokaci. Rabi za a aika wani ɗakin gwaji a wani gari, a yi masa gwajin DNA. Ta ce ta fi zargin ƙwayar cutar bairas, ta ba da magani a kan haka. Mako guda.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe shida na safe

Ban ga abin tambayar ruwa ba. Ruwan gidan nan shi muke sha.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Babansu bai raka mu asibiti ba saboda gwiwarsa, sai yau ya nemi bayani. Da na ce gwajin DNA, ya ajiye rediyo.

"DNA? Ba shi ne na gano uban yaro ba? To wa ake tuhuma, ni ko idon?"

Na ce ba lokacin wasa ba ne. Auta tana kwance a ɗaki da labule a rufe, ta jiyo, ta yi dariya har ta ce wash. Daga can ta ɗaga murya ta yi masa bayani yadda Likita ta yi mata. Wai kowace ƙwayar cuta tana da nata rubutu a jikinta, kamar sa hannu. Na'urar takan ɗauki ɗan guntun rubutun ta yi ta kwafa har ya yi yawan da za a karanta. Ko ƙwayar ta mutu, rubutun yana nan.

Ya ce, "Ashe dai uban ake nema. Uban ciwon."

Shi komai abin raha ne. Shi ya lalata ta. Duk abin da na hana, shi ke buɗe mata taga.

Na sauya zannuwan gado. Na goge firji ciki da waje. Na sake goge shi.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Abokan aikinta biyu sun zo dubiya, suka zauna kowace da waya a hannu. Ɗaya ta ce an ba wani ma'aikaci zanen da Auta take yi na makarantar nan mai hawa uku, "kafin ki warke". Auta ta ce ba komai. Bayan sun tafi ta tambaye ni ko mai ido ɗaya yana iya auna layi daidai. Na ce ta daina kira wa kanta masifa, ta ci abinci.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Asabar ranar tsafta ce a gidan nan tun kafin a haife ta. A makarantar kwana ni ce mai duba tsaftar ɗakuna shekara biyu, ba a taɓa samun ƙura a saman ƙofata ba. Ba na barin ruwa ya kwana a buɗe. Ba na barin kwano ya bushe da maiƙo. Haka na reni yara huɗu, ba wanda ya taɓa yin ƙazuwa.

Yau na yi falo, na yi kicin, na yi banɗaki. Ban shiga ɗakin Auta ba. Tana ciki, shi ya sa.

Battar tana nan a kan teburinta, kusa da madubi. Daga ƙofa ana ganinta.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe uku na rana

Ta ce kamar ana murza mata garwashi a idon. Ta ɗaure kanta da ɗankwali har ya yi mata shata a goshi.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Sakamako ya zo. Babu bairas. Babu bakteriya. Babu funfuna. Farantin ma bai tsirar da komai ba. Gyambon kuwa ya ƙara faɗi, ni da kaina na gani a allon da Likita ta juyo mana, wani fari-fari kamar an ɗiga madara a shayi.

Na ce to wane irin gwaji ne wannan, an yi ta kuranta shi, ya dawo hannu biyu?

Ta ce, "Hajiya, gwajin ba boka ba ne. Tambayar da aka yi masa kaɗai yake amsawa. Abin da na kankaro kaɗan ne, tambaya uku ya isa, na zaɓi ukun da suka fi kama da abin da na gani da abin da aka faɗa mini. Akwai ta huɗu. Wata 'yar halitta ce da ke rayuwa a ruwa, a famfo, a tanki. In an sha ta ba ta komai, amma idan ta maƙale a gilashin nan ta hau ido, maganinta daban ne, kuma mai tsanani ne, ba na ba da shi a kan zato."

Auta ta ce a sake kankarowa mana.

"Wurin ya yi siriri. Ba na son in sake sa masa aska sai da dalili." Ta juyo da kujerarta sosai ta fuskanci Auta. "Ba faɗa zan yi miki ba. Mutane da yawa ruwan magani kan ƙare musu, su ce bari in ɗauraye sau ɗaya. In ya faru, ki faɗa mini."

"Wallahi, Likita, bai faru ba."

Sai na ji bakina yana cewa, "Ki tuna da kyau. Ƙarya ba ta warkar da ciwo."

Auta ta juyo da idon mai lafiya ta dube ni. An sauya magani, an ce mu koma Alhamis.

A mota ta ce, "Umma, har ke?"

Na ce direba ya rage gudu.

Litinin ɗin dai, ƙarfe biyar

Na tafasa ruwan sha tukunya biyu. Babansu ya ce ko kwalara aka yi a unguwa bai ji ba.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe tara na safe

Zan rubuta sau ɗaya.

Ranar Asabar takan hutar da idonta, ta sa tabarau ta tafi gidan yayarta. Gilasan suna zaune a batta cikin ruwansu. Ta hana ni taɓa teburin. Amma ni na ga bakin battar ya yi wani datti-datti, kuma ruwa ne ya kwana. Na zubar. Na goge battar da tsohon buroshi. Na ɗauraye gilasan ɗaya bayan ɗaya a bakin famfo, a hankali, ko yagewa ba su yi ba. Na shinshina ruwan maganin da ke kwalbarta, ba ƙamshi ba wari, ruwa ne kamar kowane ruwa, kuma in na zuba daga ciki za ta ga ya ragu ta yi mini tsiwa. Sai na cika daga famfo. Na mayar da na dama dama, na hagu hagu.

Asabar uku.

Tsafta na yi. Ba wanda ya taɓa gaya mini. A jikin kwalbar rubutu ne ƙanana da ba mai karantawa. Da ta tsaya a tabarau ɗinta da duk wannan bai zo ba. Kuma ba a tabbatar ba. Likita ma cewa ta yi wataƙila.

Tsafta na yi.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Na shiga wurin babansu da niyya. Yana yanke farce. Na tsaya. Ya ce, "Lafiya, shugabar ladabtarwa? Wa ya yi laifi yau?" Na ce ya tattara farcen nan kada ya bar mini su a kan darduma.

Auta ba ta ci komai ba. Ta ce ko motsa idon hagu ta yi, na daman ne ke amsawa.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na ce zan je kasuwa. Na je asibiti.

Ba ranarmu ba ce, nas ta ce sai in jira a gama da masu lamba. Awa uku a kan benci. Wani tsoho a gefena da auduga manne a ido yana ta ba ni labarin yadda ya yi wata huɗu yana jin kunyar zuwa. Na ce ai jinkiri ba shi da kyau. Na ji abin da na faɗa. Na tashi na koma wani bencin.

Da na shiga na ce, Likita, tambaya ce a kan wata maƙwabciyata. 'Yarta ma tana sa irin gilasan nan. Ita uwar mai son tsafta ce, sai ta wanke mata su da ruwan famfo, ba da mugun nufi ba.

Ta ajiye biro. Ba ta ɗaga murya ba.

"Maƙwabciyar nan, sau nawa ta yi?"

Na ce uku.

"Ɗaurayewa kawai, ko ta bar su a cikin ruwan?"

Na ce ta bar su.

"Ruwan gidanta daga tanki yake saukowa?"

Na ce daga tanki.

Ta ɗauki waya ta ce a shirya mata ɗakin ɗaukar samfur. Sannan ta ce, "Hajiya, ki kira Auta ta zo yanzu, ta taho da battar. Ba zan jira sakamako ba, yau zan fara maganin. Amma ba zan sake sa wa idonta aska ban gaya mata dalili ba. Ke za ki faɗa, ko ni?"

Na so ta yi mini faɗa. Yarinya ce, da ta yi mini faɗa da na san abin da zan yi da shi. Cewa kawai ta yi, "Kin kyauta da kika zo yau." Yau ɗin ta fi komai nauyi.

Babansu ne ya kawo ta, yana ɗingishi, ita da baƙin gilashi da gyale a kan fuska. A baranda na faɗa, a tsaye, kusa da kwandon shara. Ban ce maƙwabciya ba. Ban yi kuka ba. Na faɗi Asabar uku, na faɗi buroshi.

Babansu ya ce innalillahi, ya nemi bango ya jingina.

Auta ta ce, "Tun yaushe kika sani?"

Na ce ban sani ba, zato ne.

"Tun yaushe kike zaton?"

Nas ta kira ta kafin in amsa.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe goma na safe

Magani iri biyu, kowace awa, ba dare ba rana, a bar minti biyar tsakaninsu. Yana da zafi, ana jin ta daga kicin. Ta ce Abba ne zai riƙa ɗiga mata. Shi da ko zare ba ya iya sa wa allura.

Na ja layuka a takarda na rubuta awoyin, na manna a ƙofarta. Ba ta cire ba.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ina tsayawa a bakin ƙofa da agogo. Idan lokaci ya yi in ce, "Malam, biyu ta yi." Ya shiga. In ja layi.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Likita ta bugo. An yi tambaya ta huɗu, ta amsa. Amiba sunan abin. An same ta a idon, an same ta a battar, rubutu ɗaya. Ta ce yanzu aƙalla mun san da wa muke faɗa, amma faɗan na watanni ne, don abin yakan shige wani ɓawo ya kwanta idan ya ji magani.

Babansu ya shiga ya gaya wa Auta. Na jiyo ta tana cewa, "Abba, ka ce wa Likita ta rubuta a katina cewa ban yi ƙarya ba."

Ban yi shara ba yau. Na ɗauki tsintsiya na mayar.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Yayarta ta zo jiya ta yi ta buɗe tukwane tana rufewa, ba ta kalle ni ba. Da za ta tafi ta ce, "Umma, da ni ce na yi wa 'yata haka, me za ki ce mini?" Na san abin da zan ce mata. Kalma bayan kalma na san shi.

Ba a yi wa uwa irin wannan tambaya. Mu ba mu yi wa namu ba.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe uku na rana

Asibiti. Ban shiga ba, na zauna a benci. Babansu ya fito ya ce farin bai ƙaru ba. Bai ragu ba, amma bai ƙaru ba. An mayar da maganin duk awa biyu.

A hanya ya ce, "Shekara talatin da takwas ban taɓa jin kin ce na yi kuskure ba. Na ɗauka ba ki iya furta shi ba ne, kamar masu tsamin baki."

Na ce na faɗa a baranda.

"Kin faɗi abin da kika yi. Wannan rahoto ne."

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ta ci rabin abincin. Ban ce ta cinye ba.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ta buɗe labule ɗaya. Na wuce na gan ta a teburi da tabarau, ta rufe idon dama da tafin hannu, tana jan layi da rula a bayan ambulan. Ta ja, ta auna, ta yaga. Ta ɗauki wani.

Na so in ce ta huta. Na so in ce haƙuri. Ina da maganganu da yawa a kan haƙuri. Na wuce kicin.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Yau Auta ta ce in shiga ɗakin Likita tare da su. Ban san dalili ba sai daga baya.

An rufe mata idon hagu. Allon haruffa ba ta ga ko na sama ba. Likita ta ɗaga yatsu a gabanta, ta ce uku, uku ne. Ta matsa baya taku biyu, Auta ta ce ba ta gani. Likita ta ce idon ya tsira, ba za a rasa shi ba in an ci gaba da magani. Amma tabo zai zauna, kuma a tsakiya yake. Nan da shekara, in komai ya mutu, ana iya maganar dashen sabuwar fatar baƙin ido. Ana iya. Ba ta yi alkawari ba.

Auta ta ce, "Likita, da tun ranar farko aka yi tambaya ta huɗu, tabon zai kai tsakiya?"

Likita ta ce, "Ban sani ba. Ranar farko gyambon yana gefe. Abin da na sani ke nan. Ni ma ya kamata a ce na yi tambayar ba tare da na jira an ba ni dalili ba."

Ta raba laifin don ta rage mini. Na gane. Ba na so.

Daga uku ga wata zuwa sha biyu. Na ƙirga a benci, na ƙirga a mota. Tara ne ta kowace hanya.

Litinin, 31 ga wata, ƙarfe uku da rabi na rana

Gwiwar babansu ta kumbura, yayarta ta kai shi a duba. Ya ce zai dawo kafin uku. Uku saura biyar bai dawo ba. Ina bakin ƙofa da agogo, ba wanda zan gaya wa.

Uku ta yi. Uku da minti biyu.

Ta ce, "Umma, kin tsaya nan kamar mai gadi. Shigo."

Na wanke hannu, na tsane su da takarda sai da suka bushe ƙarau. Tana kwance rigingine. Ban ga idon kusa haka ba tun ranar farko. Na ɗauki kwalbar.

Ta ce, "Ruwan ban riƙe ki da shi ba. Na san ki, ko allo kika samu a buɗe sai kin wanke rubutun. Kwana taran ne ban san inda zan ajiye su ba. Kina zaune kusa da ni kika ce in tuna da kyau."

Na buɗe baki. Abin da ya fara zuwa shi ne komai rubutacce ne. Na haɗiye shi. Na ce, "Tsoro na ji ki san ni ce. Na fifita fuskata a kan idonki. Na yi kuskure, Auta."

Ba ta ce ta yafe ba. Ta sa yatsa ta ja fatar idon ƙasa da kanta, ta kalli rufi.

Na karkata kwalbar. Ɗigon farko ya sauka a kumatunta ya gangara kunne.

Ta ce, "Sake."

Na biyu ya shiga.